Maginin shafi ya ɓace a WordPress: yadda za ka dawo da Elementor, WPBakery ko Divi mataki-mataki

A cikin tambayoyin da ake turo mini kan WordPress, babu wadda ke zuwa da tashin hankali kamar wannan: "Malam, jiya lafiya lau na yi aiki, yau na buɗe babu maɓallin Edit with Elementor." Wani kuma WPBakery ne ya yi masa layar zana, ya buɗe shafi ya tarar da wani rubutu mai kama da tafiyar tsutsa a maimakon hotuna da ginshiƙan da ya jera. Kusan kowa kan haɗa da tambaya ta biyu: aikina ya lalace ke nan?

Bai lalace ba. Zanen da ka yi yana cikin rumbun bayanan gidan yanarka, maginin kuwa, wato manhajar da kake tsara fasalin shafi da ita, ƙofa ce kawai ta shiga wurinsa. Yawancin ɓarnar da na gani ba ɓacewar maginin ce ta jawo ta ba, hannun mai gyara ne da ya ruɗe ya hau goge-goge. Don haka na jera matakan nan daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ka bi su a jere, ka riƙa canza abu ɗaya kana gwadawa kafin ka taɓa na gaba.

Abin da za ka tanada

Kwamfuta, domin ba a yi waɗannan magina don allon waya ba, sai ka yi ta zargin gidan yanar alhali wayar ce. Sai sunan shiga da kalmar sirri na mai matsayin Administrator, da na cPanel ko duk wani allon kula da kamfanin hostin ya ba ka. Sai takarda da biro, za ka ga amfaninsu a mataki na 8.

Batun kuɗi: duk matakan nan kyauta ne in ban da data. Wuri biyu ne kawai kuɗi ke iya shigowa, sabunta lasisin maginin ko na jigon (theme) da ya zo da shi, wanda da dala ake biya, da kuma ƙara girman hostin idan ya yi maka kaɗan. Kada ka biya ko sisi kafin ka kai mataki na 9.

Ka kuma tantance irin ciwon tun yanzu. Idan maɓallin ne babu gaba ɗaya, maganinka na tsakanin mataki na 2 da na 6. Idan maɓallin na nan amma ka danna sai allo ya yi ta juyawa, ko ya yi fari fat, ka yi mataki na 1, ka leƙa na 2, sannan ka tsallaka zuwa na 7.

1. Ɗauki kwafin ajiya

Ko dai ta filogin (plugin) ɗin ajiya na UpdraftPlus, ko ta sashen Backup na cPanel. Ka tabbatar ya haɗa da fayiloli da rumbun bayanai duka biyun, ka sauke shi a kwamfutarka.

Gargaɗi: kwafin da ke zaune a kan sabar ɗaya da gidan yanar ba ajiya ba ce. In sabar ta samu matsala, tare za su tafi.

2. Duba ko maginin yana kunne

Shiga dashbod, ka je Plugins, sannan Installed Plugins. Nemo sunan maginin. Idan ka ga Activate a ƙarƙashinsa, a kashe yake, danna shi ka koma ka gwada. Abin dariya ne yawan mutanen da matsalarsu ke ƙarewa a nan, musamman inda mutum biyu ko uku ke riƙe da kalmar sirri ɗaya.

Masu Elementor Pro su kula: Pro ba ya tsayawa da ƙafarsa, sai Elementor na kyauta yana kunne tare da shi. Na sha ganin wanda ya sayi Pro ya ce ai ya huta da na kyauta, ya goge shi.

Idan sunan ma babu a jerin, ka buɗe File Manager a cPanel ka bi public_html, wp-content, plugins. Foldar Elementor sunanta elementor, ta WPBakery kuwa js_composer, sunan da ta gada tun lokacin da ake kiran maginin Visual Composer kafin a sauya masa suna a 2017. In babu foldar, ko tana nan amma da sauran fayiloli kaɗan a ciki, to an cire ta, ko sabuntawa ta katse a tsakiya saboda netwok, ko na'urar farautar cuta ta kamfanin hostin ta killace wani fayil. Sake saka filogin ɗin ba ya taɓa zanenka.

Divi daban yake. A mafi yawan gidajen yana maginin yana cikin jigon ne, saboda haka Appearance, sannan Themes za ka duba ka ga ko Divi ne ke aiki, ko wani ɗan jigo da aka ɗora a kansa.

Ka leƙa akwatin imel ɗin da aka yi rajistar gidan yanar da shi, har da foldar tarkace. Tun daga WordPress 5.2 na 2019, idan wani filogin ya jawo mummunan kuskure, WordPress kan aiko da saƙo ya faɗi sunan mai laifin, ya haɗa da mahaɗin shiga yanayin ceto. Wannan saƙon na iya rage maka aikin awa biyu.

Gargaɗi: yayin da WPBakery ke kashe za ka ga kalmomi irin vc_row da vc_column cikin baka sun cika shafi. Na Divi kan fara da et_pb. Wannan "shirmen" shi ne zanenka. Kada ka share ko harafi ɗaya, kada kuma ka danna Update.

3. Duba irin shafukan da aka ba shi izini

Wannan ne ya fi kama waɗanda ke cewa "yana fitowa a wani wuri, ba ya fitowa a wani". WordPress ya raba abubuwa gida-gida: Pages, Posts, sai kuma waɗanda jigo ko wani filogin ya ƙara, kamar Products ko Portfolio. Kowane magini yana da wurin da ake gaya masa gidajen da zai shiga.

A Elementor: Elementor, Settings, General, sai layin Post Types. Saka alama a duk wanda kake so, ka adana.

A WPBakery: WPBakery Page Builder, Role Manager, sai Post types. Daga kamfani yakan zo a kan Pages only, shi ya sa mutum zai buɗe sabon rubutu a Posts ya rasa Backend Editor da Frontend Editor, ya rantse abu ya lalace alhali bai taɓa kunnuwa a wurin ba. Mayar da shi Custom, ka zaɓi post da duk sauran da kake buƙata, ka gangara can ƙasa ka danna Save Changes. Gangarawar nan ce mutane ke mantawa, shafin dogo ne.

A Divi: Divi, Theme Options, Builder, Post Type Integration.

4. Duba matsayin wanda ya shiga

Wata hajiya mai sayar da turaren wuta da humra ta taɓa kira na da dare, ranta a ɓace, wai yaron da ya gina mata gidan yana ya "sace Elementor" bayan sun samu saɓani. Na ce ta karanto mini abin da ke gefen hagu na dashbod ɗinta. Ta karanta Posts, Media, Pages, Comments, Profile, Tools, ta tsaya. Babu Plugins, babu Settings. Tun ranar farko matsayin Editor ya ba ta, ya riƙe Administrator a hannunsa, da suka ɓata sai ya shiga Role Manager na Elementor ya rufe wa Editor ƙofar maginin. Ba abin da aka sace. Da yake hostin ɗin da sunanta aka saya, ta cPanel muka bi muka buɗe mata sabon asusu mai cikakken iko.

Ka yi irin wannan gwajin. In babu Plugins da Settings a gefenka, ba kai ne Administrator ba, kuma ba za ka iya sauran matakan ba sai an ɗaga matsayinka. In kai ne, amma ma'aikacinka ne ke kukan, je Elementor, Role Manager ka cire alamar No access to editor. A WPBakery wannan Role Manager ɗin na mataki na 3 yana da sashe ga kowane matsayi, kowanne da nasa Post types da nasa izinin Backend da Frontend. A Divi sunansa Role Editor.

Akwai wani ƙaramin abu a Users, Profile. Idan baƙin layin nan na saman gidan yanar ne ya ɓace, wanda ke ɗauke da Edit with Elementor ko Enable Visual Builder, nemi Show Toolbar when viewing site ka saka masa alama.

5. Ko shafin ne na musamman?

Je Settings, Reading. Shafin da aka zaɓa a matsayin Posts page ba ya karɓar magini, domin WordPress ba ya nuna abin da ke cikinsa, jerin rubuce-rubucenka yake zubawa a wurin. Haka shafin Shop na WooCommerce, filogin ɗin da ake buɗe shago da shi. Ana gyara fasalin waɗannan ne ta Theme Builder a Elementor Pro da Divi, ko ta saitin jigo. Idan a nan kaɗai maginin ya ƙi fitowa, lafiyarsa lau.

6. Sabon edita ya rufe shi

Tun WordPress 5.0 na Disamban 2018 editan tubala mai suna Gutenberg ya zama na asali. Elementor da Divi suna saka maɓallinsu a cikinsa. Tsofaffin fitowar WPBakery kuwa ba su san da zamansa ba, sai ya zauna a kan wurinsu. Je WPBakery Page Builder, General Settings, ka saka alama a Disable Gutenberg Editor. In naka ya tsufa har babu wannan zaɓin, saka filogin ɗin Classic Editor. Da ka koma tsohon edita, danna Screen Options a sama ta dama ka tabbatar ba a ɓoye akwatin maginin ba.

Gargaɗi: a shafin da aka gina da Elementor akwai maɓallin Back to WordPress Editor. Kada ka danna shi don gwaji, ballantana ka adana bayan ka danna. Yana iya wargaza tsarin shafin.

7. Burauza da ma'ajiyar wucin gadi

Daga nan mun shiga ciwo na biyu, inda maɓalli ke nan amma maginin ya ƙi buɗewa.

Fara da Ctrl+Shift+R. Bai yi ba, buɗe tagar sirri da Ctrl+Shift+N a Chrome ka shiga daga can. In ya buɗe a can, laifin na burauzarka ne, galibi wani abin toshe talla ko na fassara da ka liƙa mata. Ka gwada da wani layin data ma, domin maginin kan sauke fayiloli masu nauyi, netwok mai rarrafe na iya barinsa yana juyi.

Sai ɓangaren gidan yanar. Idan kana da filogin ɗin ƙara sauri irin LiteSpeed Cache, WP Rocket, W3 Total Cache ko Autoptimize, share duk abin da suka tara, ka kashe zaɓin matse JavaScript da haɗe shi da jinkirta shi. Masu Cloudflare su kashe Rocket Loader, sanannen abokin gabar Elementor ne, su kuma yi Purge Everything. Waɗannan kayan saurin suna sauya jerin yadda fayiloli ke lodi, shi kuwa magini yana son nasa su zo a jeren da ya tsara.

Elementor na da dabaru biyu nasa. A Settings, Advanced akwai Switch Editor Loader Method, kunna shi. A Tools kuma akwai maɓallin sake gina fayilolin CSS da bayanai. Bayan su, je Settings, Permalinks na WordPress ka danna Save Changes ba tare da ka canza komai ba.

8. Nemo filogin ɗin da ke faɗa da shi

A nan aka fi kama ɓarawo, a nan kuma aka fi yin ɓarna, saboda haka a bi a hankali.

Hanyar da kowa ya sani ita ce kashe duk filogin a bar maginin kaɗai. Tana aiki, amma a gidan yanar da mutane ke ciki, ka kashe WooCommerce da rana tsaka ka rufe shago ke nan da masu saye a ciki. Akwai hanyar da ba ta taɓa baƙi. Elementor na da Safe Mode a cikin Tools, Divi na da nasa a Support Center. Ga kowane magini kuma akwai filogin ɗin Health Check & Troubleshooting, wanda ke kashe komai a idonka kai kaɗai, masu ziyara na ganin gidan yanar yadda yake.

Idan maginin ya buɗe a wannan yanayin, ka tabbatar rikici ne tsakaninsa da wani. Yanzu ɗauko takardarka. Rubuta sunayen filogin ɗin duka, ka riƙa kunna ɗaya, ka buɗe maginin, ka saka alama, ka kunna na gaba. In sun kai talatin kada ka wahalar da kanka: kunna rabi a lokaci guda, in ya lalace mai laifin na cikin rabin nan, ka sake raba su biyu. Zagaye biyar ya isa ya fito da shi daga cikin talatin.

Waɗanda na fi zargi da farko su ne tarin ƙarin kayan ado da ake ɗora wa Elementor daga wasu kamfanoni. Mutum zai saka huɗu ko biyar don yana son abu ɗaya tak a kowanne, ranar da Elementor ya sabunta ɗaya daga cikinsu ya makara, sai allon gefe ya tsaya yana juyi har abada. Bayansu sai na tsaro da na sauri.

Ga wanda ba ya tsoron ganin jan rubutu: danna F12 yayin da maginin ke juyawa, ka buɗe Console. Layin kuskure yakan nuna hanyar fayil, kuma sunan foldar da ke bin plugins a hanyar nan shi ne wanda ake nema. Ka riƙe lambar da ka gani ma. 500 na nuna matsalar sabar, je mataki na 10. 403 na nuna an toshe hanya, je na 11.

In dashbod ɗin ma ya ƙi buɗewa, koma File Manager ka canza sunan foldar filogin ɗin da kake zargi, misali ka ƙara -kashe a ƙarshensa. WordPress zai rasa shi ya kashe shi da kansa.

Gargaɗi: Deactivate za ka riƙa dannawa. Delete kan tafi da saitin wasu filogin har abada.

9. Sabo da tsoho sun haɗu

Tambayi kanka me ya canza a daren da abin ya faru. Sau da yawa WordPress ne ya sabunta kansa ya bar maginin a baya.

Masu WPBakery sun fi kowa shan wannan, saboda yawancinsu ba su sayi maginin kai tsaye ba, cikin jigon da aka saya a kasuwar jigogi ta ThemeForest ya zo. Irin wannan kwafin ba shi da lasisin kansa, ba ya sabuntuwa da dannawa ɗaya. Jerin aikin shi ne: sabunta jigon tukuna, sannan ka duba Appearance, Install Plugins ko sashen filogin na jigon, inda sabon WPBakery ke jira. In bai nuna ba, kashe tsohon ka goge shi ka sake sakawa daga wurin. Wannan ne wuri ɗaya da na yarda a goge, kuma sai da kwafin ajiya a hannu. Wanda gidan yanarsa ya kwana biyu ba a taɓa ba ya san cewa WordPress 5.5 na Agustan 2020 ya daina loda jQuery Migrate, fayil ɗin da ke taimaka wa tsofaffin kaya su ci gaba da aiki, abin da ya karya tsofaffin jigogi da magina masu yawa. Filogin ɗin Enable jQuery Migrate Helper kan tallafe su, amma sandar gurgu ce kafin ka sabunta.

A Elementor, na kyauta da Pro su yi tafiya tare. In lasisin Pro ya ƙare ya daina samun sabuntawa, na kyauta kuma ya yi ta gaba, wata rana za su raba gari. Ko ka sabunta lasisi, ko ka je Tools, Version Control ka mayar da na kyauta baya zuwa fitowar da ke aiki, ka kashe masa sabunta kai.

Sai maganar da ba a so a ji. Idan Pro ɗin naka irin wanda ake rabawa ne a guruf-guruf, ko aka sayar maka da shi a kuɗin katin waya, fasasshe ne. Ba ya sabuntuwa, kuma sau da yawa da ƙofar ɓarayi a cikinsa. Na san wahalar biyan dala da katin naira, amma zama da Elementor na kyauta ya fi wannan kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

10. Memori da PHP

Je Tools, Site Health, Info, ka buɗe Server. Duba fitowar PHP, wato harshen da WordPress ke aiki da shi a sabar, da kuma iyakar memori. Masu Elementor na iya ganin su a System Info. Elementor na neman memori 256M aƙalla, ya fi sakewa a 512M, kuma ba ya son PHP da ya gaza 7.4. WordPress kuwa da 40M yake farawa in ba a gaya masa komai ba.

Buɗe wp-config.php a File Manager, nemo layin da ya fara da That's all, stop editing, ka saka wannan a samansa:

define( 'WP_MEMORY_LIMIT', '256M' );

Gargaɗi: rubuta shi da hannunka. Idan ka kwafo daga Word ko wani saƙo, alamomin zancen kan lanƙwashe, kuma lanƙwasasshiya guda ɗaya ta isa ta kifar da gidan yanar gaba ɗaya. Sauke kwafin fayil ɗin kafin ka taɓa shi.

In lambar ba ta motsa ba a Site Health, kamfanin hostin ne ya ɗaure ta daga sama. Duba Select PHP Version ko MultiPHP INI Editor a cPanel ka ɗaga memory_limit. A nan kuma ake canza fitowar PHP, ta Select PHP Version ko MultiPHP Manager. Abin na tafiya ta fuska biyu: sabon magini ba ya son tsohon PHP, tsohon jigo kuma kan faɗi a kan PHP 8. In kamfanin ya ɗaga maka PHP ba ka sani ba, mayar da shi baya na ɗan lokaci ka sabunta kayanka.

Don ganin ainihin kuskuren, a cikin wp-config.php mayar da WP_DEBUG zuwa true, ka ƙara WP_DEBUG_LOG a true da WP_DEBUG_DISPLAY a false. Buɗe maginin sau ɗaya, sannan ka karanta debug.log a cikin wp-content. Allowed memory size exhausted na nufin memori ne. Kashe su da ka gama.

11. Adireshi da katangar tsaro

A Settings, General akwai WordPress Address da Site Address. Su yi daidai wajen https da www. Wanda ya saka SSL, wato abin da ke mayar da adireshi https, kwanan nan ko ya yi ƙaura daga wani hostin ya fara duba nan. Kuskuren harafi ɗaya a wurin na iya kulle ka a waje, ka karanta sau biyu kafin ka adana.

Kuskuren 403 kuwa yawanci ModSecurity ne, wato katangar tsaron sabar, ko filogin na tsaro irin Wordfence, ya ɗauki aikin maginin a matsayin hari. Kashe ModSecurity a cPanel na minti biyu ka gwada. In shi ne, mayar da shi a kunne ka roƙi kamfanin su cire dokar da ke toshewar kaɗai. Haka in an saita X-Frame-Options a kan DENY, maginin ba zai iya nuna shafin a cikin tagarsa ba, SAMEORIGIN ake so.

12. Jigon da kansa

Idan Elementor ya ce bai sami wurin abun ciki ba, yana ambaton the_content, to samfurin shafin da jigon ya bayar ne bai bar masa gurbi ba. A saitin shafin canza Template zuwa Elementor Full Width ko Elementor Canvas. Bai yi ba, gwada wani jigon, kamar Hello Elementor ko Twenty Twenty-Four, amma ta cikin Health Check & Troubleshooting, domin sauya jigo kai tsaye kan hargitsa menu da kayan gefe. Masu Divi kada su yi wannan gwajin, maginin zai tafi tare da jigon.

13. In za ka kai ƙara

Ka bi duka bai dawo ba, sai a nemi kamfanin hostin ko masu maginin. "Gidan yanata ba ya aiki" ba zai samo maka komai ba sai tambayoyi na kwana uku. Tura musu adireshin shafin da abin ya shafa, ranar da ya fara, hoton Console, layuka na ƙarshe na debug.log, bayanan Site Health da ka kwafa da maɓallin Copy site info to clipboard, da jerin matakan da ka riga ka gwada. In sun nemi shiga, buɗe musu sabon asusu na ɗan lokaci a sashen Users, ka goge shi ranar da suka gama.